Guntun Igiya

Na sauka daga danfo kafin a shiga Epe.
Mai gasa kifi ta nuna da wuƙarta:
"Makarantar Fada? Bi ta bayan masu buga bulo,
amma ka naɗe ƙafar wando."

Ƙofar da muke shafa wa mai duk Asabar
ta gaji da tsayuwa, ta kwanta cikin ciyawa.
Na tsallake ta a hankali
kamar mai tsallake ƙafar dattijo yana barci.

Ruwa ya riga ni shiga.
Kwano ya yage ta gabas,
damina nawa ke nan tana faɗowa ba sallama,
ta rina bango kore har ƙugu.
Gara ta cinye bencin gaba, na masu ƙwazo,
ta bar mana na baya.
Nan nake zama, na biyu daga ƙarshe,
ga sunana da na kankare da ƙusa: Tambaya.
Fada Akinrele ya mayar da ni Toma,
ya ce ai duk ɗaya ne,
shi ma sai da ya taɓa ya yarda.

Shekara huɗu ni ke jan ƙararrawa.
Ba ni da agogo.
Ladanin masunta nake jira daga tsallaken ruwa,
in ya gama nasa, in fara nawa.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba,
amma ran da mura ta kama shi
mu arba'in muka makara.

Ƙararrawar ba ta nan.
An ce a kan sikeli ta ƙare, kilo-kilo.

Maryamu tana nan a lungunta, hannu ɗaya,
zanzaro ya yi gini a naɗin mayafinta.
Can Obiefuna ke zama da akwatin kiɗansa,
maɓalli ɗaya yakan maƙale
ya yi ta kuka shi kaɗai bayan an ce amin,
mu cije leɓe, kafaɗu na rawa.
Na ji yana wata ƙasa mai sanyi yanzu.
Gbenro kuwa, da ya fi mu murya,
ni na riƙe gefen akwatinsa a aji uku.

A ɗakin furta zunubi kaza ta yi ƙwai biyar.
Nan na durƙusa wata Laraba na ce,
"Fada, ba bangaskiya ce ta ƙare ba.
Baba ne ya rasu a Kafur,
ƙanne shida, gona ba mai huɗa."
Ya yi shiru a bayan raga
har na ji cinnaka na bin gwiwata.
Bai yi mini wa'azi ba.
Ya ce, "To, wa zai ja igiyar gobe?"

Yanzu albasa nake kawowa Ikko, buhu-buhu,
warinta ya kori turaren daga rigata tuntuni.
Latin ɗin ya zube, saura kalma uku ko huɗu
da kan zo mini in mota ta lalace a daji.

A kan bagadi wata ta shanya ƙananan kifi.
Ban ji haushi ba.
Dutse ne mai faɗi, rana kuma na shigowa ta sama.
A bangon waje an rubuta lamba da jan fenti,
irin wadda ake yi kafin katafila ta zo.

Wani yaro ya leƙo ta taga, ya yi mini Yarbanci,
ina jin cewa yake, me kake nema?
Na nuna masa sama.
Guntun igiyar na lilo, kamu biyu sama da hannuna.
Na tuɓe takalmi, na yi tsalle da wannan tumbin,
yatsana ya taɓa bakinta.

Jemagu suka tashi gaba ɗaya.

Yaron ya yi ta dariya, yana buga taga,
ya ce in sake.