Dalma a Ƙarƙashin Sikeli

Kafin gari ya waye kwale-kwale ke dawowa Iloilo,
fitilunsu na rawa a kan ruwa.
Ni ne Rodel, shekarata goma sha tara,
ƙarnin kifi a hannuna, ko lemon tsami ya gaza.

Kawu Dionisio ne ya koya mini sana'a:
yadda ake duba idon kifi,
yadda ake fasa ƙanƙara,
da yadda ake liƙa 'yar dalma a ƙarƙashin farantin sikeli,
giram tamanin, ba ta kai kan yatsa ba.
Ya ce, "Kowa na yi. Teku ma cin mu take yi."
Na yi dariya. Na liƙa.

Ran Lahadi ina coci, sahu na uku,
ina dukan ƙirji tare da jama'a,
bakina na cewa laifina ne,
zuciyata na ƙirga peso.

Sai Larabar Toka ta zo.
Manang Perpetua, mai wanki da guga,
wadda ke sayen rabin kilo duk Juma'a,
ta tsaya gabana da gicciyen toka a goshi.
Nawa ma yana nan, gumi ya fara cinye shi.
Na auna. Allura ta yi mini ƙaryar da ta saba.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirgo tsabar kuɗi,
ta ce, "Allah ya yi albarka, yaron kirki.
Wurinka kaɗai nake saye ban duba ba."

Ba ta kama ni ba.
Da ma ta kama ni, ta tara mini kasuwa,
da na samu abin musu.

Dare uku ina juyi a kan tabarma.
A na huɗu na durƙusa bayan labule,
inda Fada Eleuterio ke tarinsa na tsufa.
Na faɗa duka, murya na sarƙewa.
Ya ce, "Mutum nawa?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Fara da wadda ka san sunanta.
Gafarar Yesu kyauta ce, ɗana,
amma kifin na Perpetua ne."

Da safe na sa wuƙa na ɓamɓare dalmar.
Kawu ya dube ni kamar na zagi kabarin kakanmu,
ya karɓe makullin rumfa.
Mama ta yi kwana biyu ba ta ce uffan ba,
a na uku ta ƙara mini shinkafa.

Yanzu dakon ƙanƙara nake a bakin tasha,
kafaɗa ta yi kanta, lada rabin na da.
Na yi lissafi a bayan kwali:
Juma'a ɗari da huɗu, kilo takwas da 'yan kai.
Na biya uku.
Ran da na gaya mata, ta daɗe tana kallon ƙafafuna,
sannan ta ce in shigo, rana ta yi zafi.

Ba zan ɓoye ba, wani dare nakan yi kewar kuɗin.
Sai in sa hannu a aljihu,
inda dalmar ke kwana tare da carbina,
in ja sunan Maryamu ƙwaya bayan ƙwaya
har barci ya ɗauke ni.
Giram tamanin ce,
amma har yau ina jin nauyinta idan na durƙusa.