Layin Farar Ƙasa

A tsohon gidan waya, bayan bariki,
akwai layin farar ƙasa a daɓe.
Kowace asuba fursuna ke sabunta shi.
Can ciki benci, da inuwa, da randar sanyi,
nan waje mu, rana na cin ƙeya.

Inna Tasalla ta ba ni labarin
tana ɓarar gyaɗa, ko dubana ba ta yi ba.
Ta ce Nomau Tankari gajere ne,
muryarsa ba ta ƙetare rumfa biyu.
Akawun sikeli ne, mai in'ina,
da ya gaji da rubuta wa buhu guda farashi biyu
gwargwadon fatar mai buhun.

Wata Litinin ya zo da wasiƙa.
Ya tsaya bakin layi, ya tuɓe takalmi
kamar mai shiga masallaci,
ya taka.
Ya zauna bisa bencin,
ya nemi tambur na dala biyu.

Wata bakwai ya yi a kaso.
Ya fito da tari, babu haƙora biyu,
tsofaffi na rantsuwa farin tafin ƙafarsa
bai wanku ba har kabari.
Daga nan aka soma taro gindin gawo a bakin Gulbi,
masu jakai, mahauta, mata masu ƙuli-ƙuli,
kowa na jefa tamma cikin ƙoƙo
har jam'iyya ta mallaki keke da hatimi.

Ya shiga majalisa, bai daɗe ba.
Ya ɓata da abokan tafiya
ranar da suka gaji gidajen tudu
suka ƙara wa katanga tsawo.
Zuciya gare shi, in ji Inna,
kuma har yau tana bin sa kuɗin goro.
Ya rasu a ɗakin haya cikin Mokoyo,
ba titi mai sunansa, ba lakwal.

Jiya na goya ɗiyata zuwa likita.
Ƙofa biyu: ta masu takarda daga sama,
da tamu, mai layi har bakin titi.
Babu Bature, babu farar ƙasa,
mai gadin ma ɗan unguwarmu ne.
Zazzaɓin yarinya na ƙona mini baya.
Na dubi daɓen, fes, ba alama.
Na sunkuya
na tuɓe takalmina.