Dogon Ido

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a Deba,
hannuna bai taɓa rawa ba.
Da na ajiye aiki, ɗan ƙanwata ya bar mini kyamara,
ya ce, "Inna, kada zama ya cinye ki."
Na yi sammako zuwa Dadin Kowa,
na ɗauki zalɓe a bakin ruwa.
Da na duba: ga dam, ga sama, ga kwalekwalen wani,
zalɓen kuwa
kamar ƙuda ya faɗa ƙwaryar nono.

Shagon Bappayo yana bayan tsohuwar kasuwar Gombe,
tsakanin mai gyaran agogo da mai batir.
Na ce, "Gilashin da ke jawo nesa nake so."
Ya ce, "Nesa iri-iri ce, Hajiya. Wacce?"
Ya shimfiɗa tawul, ya kwantar da guda uku,
yadda nake jera jarirai a daren da haihuwa ta yi yawa.

Na farko ɗan mitsitsi, milimita ɗari biyu,
kuɗinsa ba ya sa a yi tsaki.
"Wannan na kurciyar tsakar gida ne,
wadda ta ci geronki, ta san tarinki.
Na daji ba ya jiran a matso."

Na can gefe ɗari shida, fari, kamar ƙaramin turmi.
Ba zan ɓoye ba, shi raina ya so.
Na ɗaga, na leƙa ta ƙofar shago:
ga hasbiya can kan hasumiya,
har jan da ke kewaye da idonta na gani.
Sai ta soma rawa,
ita da hasumiyar da garin baki ɗaya.
Ashe ba ita ba ce, ni ce.
Hannun da ya juya ɗan da ya taho ta ƙafa
ya kasa riƙe kilo biyu.
Bappayo bai yi dariya ba.
"Yadda yake jawo tsuntsu, haka yake jawo rawar hannu.
Sai da ƙafa uku, ke ce za ki kinkime ta cikin laka.
Kuɗinsa kuwa garatutinki ne, har da ciko."

Na tsakiya gwanjo ne, ɗari zuwa ɗari huɗu,
fentinsa ya goge inda wani ya daɗe yana riƙewa.
Ya haska cikinsa da tocila:
"Duba da kanki, ko akwai fumfuna mai kama da saƙar gizo."
Babu.
Ya murɗa, ya miƙe, ya murɗa, ya koma.
"Wannan maɓallin yana rufa wa tsofaffi asiri.
Sai dai maƙogwaronsa ƙanƙane ne, haske kaɗan yake haɗiya.
Ba ya shiri da magariba."
Muka ja ciniki har shayinsa ya huce.

Makon farko na tara hoto ɗari uku:
reshe babu kowa, wutsiyar balbela,
ruwan da kirinjijiya ta bari yana motsi.
Zakaran kekuwa yana hango ni
sai ya shelanta wa kowa na iso.
Na koma da ƙorafi, Bappayo ya ce,
"Sauran takun ba a sayar da su a shago."

Sai na zauna.
Gindin giginya, zani ruwan ƙasa, gwiwar hannu bisa gwiwa.
Wannan na iya;
ba a yi wa naƙuda gaggawa.
Hantsi ya ɗaga, masunta suka wuce, ƙafata ta mutu.
Zalɓen ya sauko taku goma sha biyar daga ni,
ya tsaya, ya manta da ni.
Na riƙe numfashi, irin wanda nake riƙewa kafin kukan farko.

Yana bangon ɗakina yanzu.
Kan fiffiken hagu ya ɗan yanke,
amma akwai ɗigon ruwa a bakinsa
wanda har yau bai faɗo ba.