Gishiri a Gonar Kaka

Ranar Talata ta shigo, ruwa na ɗiga daga hularta,
takalma a hannu, tana kunyar taɓon da ta kwaso.
Diem sunanta, 'yar ajin ƙarshe.
Ta dire mini kwalba a kan tebur,
koriya, da hoton zangarniya mai murmushi.

"Kakana ya sayi goma.
Mai bidiyo ya ce tana kashe gishirin gona a kwana uku.
Mutum dubu ɗari sun yaba."

Shekara ashirin da biyu ina tsaron ɗakin karatun nan na Ben Tre.
Na san yadda teku ke hawo kogi da rani,
shiru, kamar mai bin bashi,
ya kwana a gindin shinkafa,
ganye ya wayi gari rawaya.

Na ce jawo kujera.
Ba waccan ba, ƙafarta ɗaya gurguwa ce.

Muka buɗe rumbun mujallun kimiyya.
Ta rubuta tambayarta kaf, har da gaisuwa, har da roƙo.
Kwamfuta ba ta san ladabi ba.
Na ce ba ta kalma uku: shinkafa, gishiri, ƙasa.
Dubu goma sha ɗaya suka zubo.
Ta dafe kai. "Wa zai karanta wannan?"
Babu kowa, 'yata.
Masunci ba ya kwashe kogi, idon raga yake zaɓa.

Sai muka shiga tankaɗe.
Na shekarun nan kaɗai.
Waɗanda masana suka bi layi-layi kafin a buga.
Na bakin kogi, mai laka irin tamu.
Dubu ta koma ɗari, ɗari ta koma sha bakwai,
fankar sama tana ta kukanta.

Na koya mata abin da ake tambayar takarda:
wa ya rubuta ki, a gona nawa ya auna,
damina ɗaya ko biyar,
kuma aljihun wa ya ɗauki nauyi?
Ta tara tana yabon wani ruwan kwalba, yabo har da kirari.
Ban ce uffan ba.
Ita ta gangara can ƙasa, inda rubutu ke ƙanƙancewa,
ta ga sunan kamfanin.
Ta dube ni, ta dubi kwalbar.
Biri ya yi kama da mutum.

Amma sauran ba su faranta mata ba.
"Wannan ya ce wataƙila.
Wancan ya ce a wasu gonaki, ba duka ba.
Ba wanda ya rantse!"
Na ce wanda ya auna da hannunsa
ya san inda igiyarsa ta ƙare.
Mai rantsuwa, sau da yawa, ciniki yake.

Ta kwafi sunaye da shekaru a bayan littafin lissafi,
ta tafi, ta manta hular.

Mako biyu sai ga ta da tsohon,
Kaka Loc, ƙafa a faskare, ya ƙi zama.
Tambaya ɗaya ya zo da ita:
"Masu rubutun nan, sun taɓa taka laka?"
Ta buɗe masa shafi na shida:
wata mata, ruwa har gwiwa, riƙe da ma'auni.
Ya daɗe yana kallo.
"Tsayuwarta ta manoma ce," ya ce. Shi ke nan.

Kuɗin kwalabe dai sun tafi.
Amma ya wanke tara tas,
kullum da asuba yana ɗibar ruwan magudana,
ya rubuta rana a jiki,
ita ta kai makaranta a auna gishirin
kafin ya buɗe wa gona ƙofa.

Ta goman tana nan a teburina.
Biro nake sakawa a ciki.
Hular ma har yau ba ta zo ta karɓa ba.