Riɗin Bojude a Littafin Akawu

Ran Litinin nake buɗe littafin,
tun 'yan dako ba su gama shan koko a Tudun Hatsi ba.
Gurbi huɗu na ja da rula:
wata, nauyi, dala, naira.
A samansu na rubuta Japan,
ƙasar da ko a mafarki ban taɓa taka ta ba.

Tirela tara suka tashi watan jiya.
Ni na tsaya gaban sikeli, ni na ƙirga,
Ɗanbuzu na ɗinke bakin buhu,
igiya a haƙori, basilla a hannu.
Riɗin Bojude, riɗin Malala,
da wani ja-ja daga Nafada
da aka karya wa farashi,
wai tsakuwa ta yi masa yawa.

Daga nan da biro nake bin su.
Bauchi, Jos, Lokoja,
direba ya bugo, taya ta fashe a Okene.
Kwana shida, sai bakin teku.
Can abin yake ba ni dariya, wata rana haushi:
da buhu ya shiga kwantena
sai takarda ta raɗa masa sabon suna,
wai ɗan Ikko.
Riɗin da ruwan Kwami ya raina,
wanda bai san warin kifin teku ba!
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maigidana Alhaji Barde layi mai hawa yake so,
bana kuwa ya hau har ya kusa fita daga takarda.
Gurbin naira ya kumbura
kamar cikin wanda ya ɗirki gari ya bi da ruwa.
Ya ce a buga, a kai taro.
Na ce, ranka ya daɗe, leƙa gurbin nauyi,
kayan raguwa suka yi.
Ba riɗin ne ya yi ƙiba ba,
nairar ce ta rame.
Ya sauke tabarau ya dube ni:
Kai dai cika gurbi.

Na cika.

Ran Juma'a na hau motar gida.
Na tarar da Baffa Manga ya kifa dami kan tamfol,
yana bugu da sanda a hankali,
ƙwaya na zuba kamar yayyafin farko.
Ya ce, ɗan boko, nawa mutanen naka suka biya?
Na faɗa masa, ban rage sifiri ko ɗaya ba.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Can ya ce, to a ciki wanne ne nawa?

Buhu bakwai ya samu.
Huɗu dillali ya cinye tun suna fure,
kuɗin taki da na maganin Goggo Daso.
Ita kuwa tana gefe tana sheƙa,
ƙaiƙayi ya yi mata fari a gira.
Ban ja wa bayanta gurbi ba,
rular ba ta kai nan ba.

Me suke yi da shi ne? in ji ta.
Na ce mai suke matsa,
wasu su barbaɗa a kan shinkafa.
A shinkafa? Ta ajiye ƙwarya don dariya.
Duk wannan tafiya, ba su san kantu ba?
Ta ƙulle min uku a leda,
ta ce in na ga mai zuwa can in ba shi ya kai musu,
kada su ce mun yi rowa.

A mota na cinye biyu.
Na ukun na ci a ofis, kan littafi a buɗe.

Yau Litinin, na ɗaga shafin,
ga ƙwaya ɗaya ta maƙale a tsakiya,
ta yi tabon mai kamar idon zakara
daidai ƙarƙashin Japan.
Ita kaɗai ce ba ta bi tirela ba.
Na ɗaga yatsa zan kakkaɓe,
sai ga Ɗanbuzu a ƙofa:
Akawu, an kawo kaya daga Dukku, zo ka auna.
Na rufe littafin a kanta, na fita.