Lamba Biyar

Shekara goma sha huɗu na yi
a gefen filin da tafi ba ya zuwa.
Masu ci su ci, a saɓa su a kafaɗa
har Tashar Dukku,
ni kuwa in kwance igiyar takalmina
in bi lungu ta baya.

Sunana Gidado. A fili Katanga ake ce min.
Katanga ba ta yanka, ba ta rawa,
aikinta ta tsaya.

Na tsaya a Kumo ranar da sama ta ɓalle,
laka har idon sawu.
Wani dogo ɗan Kaltungo, gudu kamar an tashi zomo,
sau tara ya zo, sau tara na mai da shi.
Aka tashi canjaras.
Washegari mai rediyo ya yabi gola,
sunana ya tsallake shi kamar ƙaya.

Ƙwallo ɗaya tak na taɓa ci,
da ka, ana dab da tashi,
a ragarmu.
Bolari ba ta manta ba.
Har yau mai shayin bakin layi in ya ɗauko cokali
sai ya ce, "Koci, a wace ragar zan zuba sukarin?"
In yi dariya. Me zan gaya?

Gwiwa ce ta riga ni ritaya.
A Deba, wata Asabar, ta yi ƙara
kamar an karya rake.
Mai ɗori ya ɗaure, likita ya kwance,
na sayar da takalmin na biya kuɗin haya.

Yanzu usur ne a wuyana.
Yara ashirin da uku, ƙwallo biyu,
ɗayar ma ta fi sanin mai faci da mu.
Kowa tara yake so, kowa goma.
Na ɗaga biyar sama, fili ya yi tsit,
sai Bappayo, mai zuwa a makare
da jiƙaƙƙen wando daga turin kurar ruwa,
ya ce a ba shi in babu mai saya.

Ba ya iya yanka. Gudunsa na jaki ne.
Amma yana waiwaye,
yana ƙirga mutane kamar mai kiwo da magariba.
Na ce masa, kar ka kalli ƙafa, ƙafa maƙaryaciya ce,
kalli ƙugu.
Kar ka yi saurin zubewa,
wanda ya kwanta ya bar 'yan'uwansa tara da gola.
Kuma in ka yi kuskure kowa zai gani,
in ka yi daidai, ni ne kawai, ni ɗaya.

Abin da ba a faɗa min ba game da aikin nan
shi ne layin toka.
Taku ɗaya ne tsakanina da wasa,
ba ni da ikon tsallakawa.
Ƙwallo ta taso, wuyana ya miƙe da kansa,
ƙafata ta harbi iska, yara su yi ta dariya.

Wani dare a gidan kallo
aka nuno wani koci mai furfura, ɗan ƙasar Chile.
Na kusa da ni ya ce ai da ɗan baya ne.
Ba sai ya faɗa ba.
Na ga diddigensa na motsi a bakin layi,
na ga inda idonsa yake sa'ad da kowa ke kallon gaba.
Ban san harshensa ba, ban riƙe sunansa ba,
amma na san gwiwar da ke hana shi barci,
na san nauyin wannan kaya.

Jiya muka buga da 'yan Pantami.
Gola ya fita, ƙwallo ta wuce shi tana gangarawa,
Bappayo ya biyo ta da gudun jakinsa
ya kwashe ta a kan layi.
Aka ci gaba da wasa.
Da aka tashi, aka saɓi Jibir mai lamba tara.
Muna naɗe raga ya matso,
"Koci, an gani kuwa?"
Na ce, na gani. Kama can bakin,
yau ba mu da kuɗin Keke, da ƙafa za mu,
ka riƙe min usur, gwiwar nan ta fara magana,
mu bi ta baya.