Gurbin Rijiya ta Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare wuta ta dawo Garin Malam,
fanka ta yi tari, ta soma juyi.
Na buɗe na'ura kamar mai buɗe rumbu
bai san abin da gara ta rage masa ba.

Rijiya arba'in da ɗaya, daga Gafati har bayan Miriya.
Mutari ne ya zaga su a kan babur,
da igiyar awo mai dalma a baki,
yana sakinta sannu-sannu
har ya ji ta taɓa ruwa.
Ya rubuta a littafin da gumi ya cinye wa kusurwa,
bakwai ɗinsa kamar ɗaya, ɗayansa kamar ƙugiya.

Ni nawa aikin na zaune ne.
In jera lambobi kamar buhuna a sito,
in ba na'ura umarni layi bayan layi:
tara wannan, raba wancan,
sa kanu da manyan baƙaƙe,
shafa wa jadawali shuɗi, ɗora sunan wata a sama.
Na danna. Kafin shayi ya huce
ta saƙa rahoto, ta yi masa kalmasa,
sumul, kamar shadda daga mabuga.

Layin ruwa ya gangaro daga hagu zuwa dama
kamar akuya mai saukowa daga duwatsun Birni,
a natse, ba tuntuɓe.
Kyansa ne ya ba ni tsoro.

Sai rijiya ta sha bakwai, watan Afirilu:
gurbi fari fat.
Na'ura ta tambaya, da ladabinta na ƙarfe,
ta cike da matsakaicin maƙwabta,
ko ta share layin, shafi ya zauna daidai?

Na koma littafin Mutari.
Bai sa lamba ba. Ya rubuta: "Laka.
Gwamma ta ce tun Talata guga ke dawowa da kunya.
Duk da haka ta ɗebo mini rabin moɗa a randa.
Na sha. Ban san yadda ake ƙi ba."

An ce rijiya ta bayar, guga ya hana.
Nan guga ya roƙa, rijiya ta sunkuyar da kai.
Ba zan zama na uku ba,
mai shaidar cewa an bayar.
Ruwan maƙwabta, in a takarda yake,
ba ya dama furar Gwamma.

Na ƙara umarni ɗaya:
inda aka tarar da laka, a bar gurbi,
a kewaye shi da ja,
a rubuta a ƙasa gida nawa ke jan igiyar nan.
Sittin da uku.

Na sake dannawa.
Rahoto ya fito da giɓi, kamar bakin yaro mai famfara.
Gobe Malam Sidiku zai ture tabarau
ya ce na ɓata tsari.
Jibi wani a Yamai zai buɗe shi,
gorar ruwa mai sanyi tana zufa a teburinsa.
Ina so yatsansa ya faɗa ramin nan,
ko da na ƙiftawar ido ne.

Na adana. Wuta ta sake tafiya.
A waje ƴan ga-ruwa sun fara tura kura,
kuma daga ƙarar jarkoki kawai,
ba igiya, ba dalma, ba jadawali,
na san ba su samo ba tukuna.